Shirun Kawu Fermin

A kwarinmu na Idaho, a shekarun can, kusan kowane manomi yana da gyare a ƙugunsa. Ba ƙwaro ba. Waya ce mai maɓalli a gefe, mai aiki irin na oba-oba. Ka danna, ta yi tsuwa, ƙirit-ƙirit, ka faɗi maganarka. Nan take muryarka za ta fito a ƙugun maƙwabcinka. Ba jiran a ɗauka, ba doguwar gaisuwa.

Sai kamfanin gyaren ya haɗe da wani babban kamfani. Suka ce sun zama abu ɗaya. Mu dai mun ga babba ya haɗiye ƙarami. Aka ce kowa ya je ya canza waya, don kafin kaka za a kashe tsohon layi.

Akwai wata yarinya 'yar firamare a nan kwarin. Babanta Royce yana noman dankali. Mamarta Lorna ce ke riƙe da gida da kaji. Yarinyar tana da kirki, amma akwai surutu da gaggawa.

Ran wata Juma'a, Royce ya dawo daga gari da sabuwar waya. Ya aje ta a kan teburin cin abinci.

"Baba, ina gyarenmu?" in ji yarinyar.

"Na bar shi a shago. Wannan ma tana da maɓallin."

"To me ya sa aka canza?"

"Ki ɗauka gonaki biyu ne suka koma hannun mutum ɗaya. Sai ya ce rijiya ɗaya ta isa, ya toshe ɗayar."

"Ya tambayi masu ɗiba?"

"Ba wanda ya tambaye mu," in ji Royce. "Amma mai shagon ya ce babu abin da zai canza."

Lorna ta taɓe baki. "Mai shagon ya taɓa taka bayan tudu? Ka je ka gaya wa Fermin haka."

Fermin tsoho ne makiyayi, maƙwabcinsu ta ƙasa. Yara suna ce masa Kawu. Gidansa yana bayan tudu, inda sabon layin ba ya kaiwa. Don haka ya ƙi canza waya. Ya ce zai riƙe tsohon gyarensa har ranar da zai mutu a hannunsa.

Kawu Fermin ba ya son magana. In ka yi masa tsuwa ka zuba bayani, ba ya cewa uffan. Sai dai ya danna maɓalli sau ɗaya, ka ji ƙirit. Ka san ya ji ke nan.

Akwai magudanar ruwa da ta taso daga tudu, ta bi gonar Royce, ta ratsa makiyayar Fermin. Duk lokacin sanyi a bushe take. 'Yan ragunan Fermin sabbin haihuwa suna son kwanciya a cikinta, don iska ba ta dukansu a nan. Shi ya sa kowace shekara, ranar da za a saki ruwan farko, Royce yakan yi wa Fermin tsuwa ya fid da su.

Washegari Asabar, ita ce ranar sakin ruwan. Da safe Royce ya duba sabuwar waya, ya ga batir ya kusa ƙarewa.

"Ka ji aikin banza," ya ce. "Tsohon gyare yana kwana biyu bai nemi wuta ba."

Ya jona ta a caji. Ya sa takalman ruwa, ya kira 'yarsa.

"Zan hau tudu in buɗe ƙofar ruwa. Da ta ɗan sha wuta, ki yi wa Kawu Fermin tsuwa. Ki ce ruwa yana tafe da hantsi, ya fid da 'yan ragunansa daga magudana."

"To, Baba."

"Kin ji ko?"

"Na ji, Baba!"

Hankalin yarinyar yana wani wuri. A ranar ne ajinsu yake da wasan ƙwallo a makaranta, kuma ita ce mai tsaron gida. Ta sa rigar wasa, ta ɗaure takalmi. Sannan ta ɗauki waya ta danna maɓalli.

"Kawu Fermin! Ni ce! Baba ya ce ruwa yana tafe da hantsi, ka fid da 'yan raguna. Kuma yau muna da wasa, ni ce a raga. In mun ci zan kawo maka alewa!"

Ta saki maɓalli. Wayar ba ta yi tsuwa ba. Wata ƙara ta yi mai kauri, ɗum, kamar an buga bokiti. Wani ɗan rubutu ya fito a fuskarta ya ɓace.

Yarinyar ta tsaya. Ta saurari ƙirit ɗin Kawu. Shiru.

Ta sake duban wayar. Amma mamarta ta riga ta tada mota a waje. Sai ta ce a ranta, ai sabuwar waya ce, ƙila haka kukanta yake. Ta mayar da ita caji ta fita da gudu.

"Kin gaya masa?" in ji Lorna.

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Haba Mama. Kin taɓa jin Kawu Fermin ya ce wani abu?"

Lorna ta yi dariya, ta ja mota.

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ba ƙarya ta yi ba, ta sani. Amma ta san Kawu bai yi ƙirit ba.

Hanyar makaranta tana bi ta kan kwalbatin da ke bakin makiyayar Fermin. Da suka iso, yarinyar ta leƙa ta taga. 'Yan raguna suna kwance a cikin magudana, sun haɗa kai suna shan hantsi. Can sama kuma ga ruwa yana saukowa, yana tura kara da ganye a gabansa.

In ta yi shiru, za ta kai wasa. Ba wanda zai san wayar ta yi ɗum.

"Mama, tsaya! Bai ji ba! Bai yi ƙirit ba!"

Lorna ta taka birki. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta danna hon da ƙarfi don Fermin ya fito, sannan suka tsallake shinge suka diro cikin magudana.

Ruwan ya riga su. Ruwan ƙanƙarar duwatsu ne, sanyinsa kamar wuƙa. 'Yan ragunan suka tashi suna kuka, suna zamewa a gefen magudana. Lorna tana ɗauka tana miƙawa sama. Yarinyar ta rungumi ɗaya, ta faɗi, ta tashi, ta sake rungumarsa. Farar rigar wasanta ta koma kalar laka.

Sai ga Kawu Fermin da sandarsa mai ƙugiya, karensa yana gaba. Bai tambayi komai ba. Ya shiga ruwa har gwiwa.

Sun fid da duka, sai ɗaya. Wata 'yar tunkiya ce ƙarama, haihuwar jiya. Ruwa ya ja ta har bakin kwalbati. Fermin ya miƙa sanda ya maƙalo ƙafarta. Da ya ɗaga ta, kanta ya langaɓe.

"Ta mutu?" in ji yarinyar.

Fermin ya sa yatsa a bakin 'yar tunkiyar. "Da saura," ya ce. Ya tura ta cikin rigarsa.

A ɗakin girkinsa ya zuba ruwan ɗumi a baho. Ya tsoma 'yar tunkiyar, ya bar kanta a waje.

"Zo nan, Aku," ya ce wa yarinyar. Haka yake kiranta saboda surutu. "Riƙe haɓarta. Kada hanci ya taɓa ruwa."

Ta durƙusa ta riƙe. Hannunta ya gaji, ba ta saki ba. Lokacin wasa ya yi, ya wuce. Ba wanda ya ambaci ƙwallo.

Can Royce ya shigo, Lorna ce ta je ta ɗauko shi, suka biya gida suka ɗauki wayar. Ya dubi baho, ya dubi 'yarsa.

"Na ce ki gaya masa."

"Na danna, Baba. Na faɗa duka. Wayar ta yi ɗum, Kawu bai yi ƙirit ba. Na lura. Amma ina sauri, sai na ce ai dama ba ya magana." Hawaye suka zubo mata. "Kawu, ka yafe mini."

Royce ya ciro sabuwar waya, ya danna. Ɗum. Tsohon gyaren Fermin yana kan tebur, ko motsi bai yi ba.

"Ashe sabuwa ba ta kiran tsohuwa," in ji shi. "Kamfani ɗaya, amma wayoyinsa ba sa ga maciji. Ni ma da laifina. Da na gwada tun jiya."

"Ka bar mai shago ya yi maka wayo," in ji Fermin.

"Kai kuma tsoho mai taurin kai, kafin kaka gyarenka zai zama abin danne takarda."

"Zan danne kanka da shi."

Lorna ta yi dariya. Yarinyar ta ɗago, ta ga ba faɗa suke ba.

Fermin ya zauna a kan kujera kusa da ita.

"Aku," ya ce. "Shiru iri biyu ne. Akwai shirun wanda ya ji. Akwai shirun wanda ba ya nan. Kin san bambancinsu?"

"Na sani, Kawu."

"Tun da safe kin sani?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da safe."

"To. Amma kin tsayar da mota. Wannan ma na gani."

Sai 'yar tunkiyar ta yi atishawa. Ta shura ƙafa, ta watsa wa Royce ruwa a fuska. Fermin ya ciro ta, ya goge ta da tawul, ya aje kusa da murhu. Ya miƙa wa yarinyar bulumboti mai madara. Da farko 'yar tunkiyar ta kau da kai. Daga baya ta kama, tana sha tana kaɗa wutsiya.

"Uwarta ba za ta karɓe ta ba yanzu, wari ya canza," in ji Fermin. "Sai an shayar da ita da hannu."

"Ni zan yi! Kullum in an tashi makaranta zan zo."

"Da surutun?"

"Da shi, Kawu."

"Allah ya taimaki tunkiya," in ji Fermin. Amma gashin bakinsa ya motsa, kuma duk kwarin an san haka yake murmushi.

Kafin kaka, Royce ya hau rufin rumbun Fermin ya kafa eriya, sabon layi ya sauko bayan tudu. Tsoho ya karɓi sabuwar waya yana gunaguni. 'Yar tunkiyar kuwa ta girma ta yi ƙiba, har tana bin yarinyar zuwa bakin shinge.

Yara, ga darasin. In an aike ka, faɗa kawai bai isa ba. Saƙo bai kai ba sai wanda aka aika wa ya ji. In ka yi magana ka ji shiru, kada ka fassara shirun yadda ya yi maka daɗi. Ka sake tambaya, ko ka taka da ƙafarka ka je.