Gishirin Lamba Arba'in da Ɗaya

Ranar Litinin da safe, cikin daminar 2004, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na garin Lafiya, takalminta duk taɓo. Ta ce sunanta Dakta Iveren Tyav, malama ce a wata kwaleji da ke garin, kuma an sace mata gishiri.

Saje Shima da ke kan teburin karɓar ƙara ya kusa ƙwarewa da shayinsa. Shi kuwa Sufeto Safiyullahi Yero, shekara ashirin da biyu na aiki sun hana shi dariya da wuri.

"Buhu nawa, Dakta?"

"Ba buhu ba ne, Insifekta. Ƙananan ƙulli ne ɗari da sittin, kowanne da lambarsa, sai baƙin littafina. Aikin shekara huɗu ke nan. Ranar Juma'a masu tantance bincike za su zo su gani da idonsu. In babu gishirin da littafin, ba za a buga komai ba. Kamar ban taɓa yi ba."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Ɗakin gwaje-gwajen Dakta ɗan ƙarami ne, rufinsa na yoyo. Ba a fasa kwaɗo ba. Kwamfuta tana nan, sikeli mai tsada yana nan. Amma Sufeto ya manta da su, don bangon ya ɗauke masa hankali.

Taswirar ƙauyukan yankin Keana ce, inda mata ke dafa gishiri, an soke ta da allurai masu launi. A gefe hotunan wuyan mata ne da yara, wasu da maƙoƙo kamar ƙwan kaza, wasu lafiya lau.

"Duk waɗannan kin je wurinsu?"

"Gida gida. Mutum ɗari shida da wani abu. Na auna wuyansu, da jininsu, da sugansu, na karɓi gishirin da suke miya da shi. Akwai wani sinadari, aidin. Abin da jiki ke buƙata a rana bai kai kan allura ba. In ya rasa shi, wuya ya kumbura, yaro ya kasa karatu."

Sufeto ya sake duban hotunan. Shi da yake zuba gishiri a abinci kafin ya ɗanɗana, bai taɓa sanin akwai abin da ya kai haka a cikinsa ba. Gaskiya abin ya girgiza shi.

Dakta ta dubi idon sawunsa. "Kai ma ka rage ɗunƙulen miya, Insifekta. Ƙafarka ta fara kumburi."

Saje Shima ya juya yana tari. Sufeto ya yi kamar bai ji ba, ya nuna kusurwa. Buhu biyu na gishirin kasuwa ne a kan bulo, an kifa musu roba.

"Ke kika ɗora su nan?"

"A'a. A ƙasa na bar su ranar Juma'a."

Ƙasan kuwa duk ruwan yoyo ne. Sufeto ya daɗe yana kallon bulon. Ya ga ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya ceton kayan da bai ɗauka ba.

Mutum uku ke da makulli: Dakta, da Ugondo maigadi, da Asibi mai shara da wankin kwalabe. Aka fara da Ugondo.

"Jiya Lahadi ina kake?"

"Oga, ni yana get tun safe. Ko fitsari ni bai je ba."

"Da ruwa ya sauko da azahar, ina ka fake?"

"Cikin ɗakin gadi, Oga."

"Wanda iska ta kwashe wa kwano? Yanzu na leƙa, kwaɗi ne ke gadi a ciki."

Ugondo ya sosa ƙeya. "Oga, abeg. Ni ya je gidan Member mai burkutu ya sha, ƙwarya biyu kawai. Da ni ya dawo, ya ga wani mace yana fita da kwando a kai. Ya rufe kwandon da zani, shi kuma ruwa yana dukansa. Fuska dai ni bai gani ba."

Mace ta rufe kaya ta bar kanta a ruwa. Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi a ƙarƙashinsa.

Aka kira Asibi. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana. Sufeto ya lura da hannayenta: tabon ƙuna ne tsofaffi, har gwiwar hannu.

"Ke 'yar ina ce?"

"Doma, ranka ya daɗe. Mu manoma doya ne."

"Kin san aikin gishiri?"

"Ni ba ta sani ba. Shara kawai."

"Jiya fa?"

"Coci, daga nan gida."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya ɗauko ɗan ƙullin gishiri daga buhu, ya jujjuya shi, ya ajiye a ƙasa kusa da inda ruwa ke ɗiga. Sai ya shiga tambayarta sunan coci, da na fasto, da waƙar da aka rera.

Asibi tana amsawa, idonta na kan ƙullin. Ruwan na matsowa. Tana tsakiyar faɗin sunan fasto ta sunkuya, ta ɗauke shi, ta goge gindinsa da zaninta, ta ɗora a kan tebur. Ba ta ma san ta yi ba.

"Manomin doya ba ya jin zafin gishiri haka," in ji Sufeto a hankali. "Wannan ƙunar ta tukunyar dafa gishiri ce. Mu je gidanki."

A ɗakinta na haya a unguwar Bukan Sidi suka tarar da wata babbar tukunyar ƙasa a kan duwatsu uku, an toshe bakinta da busasshen ganye, an kifa kasko. Ƙulli ɗari da sittin suna ciki, a jere, littafin a samansu cikin zani.

Dakta ta buɗe ƙulli ɗaya, ta murza a yatsa.

"A bushe yake ƙayau. Insifekta, da a ɗakina ya kwana jiya, da rabi ya lalace."

Asibi ta zauna a ƙasa. "Ni ce ta ɗauka. Ni 'yar yankin Keana ne. An ce a kasuwa littafin Dakta zai ce gishirinmu ke kawo maƙoƙo, gwamnati ya hana dafawa. Uwata da shi ya ciyar da mu tara. Na ce zan zuba a rafi. Na kai bakin rafi, na kasa. Gishiri ne fa. Kwana nawa mace zai yi gaban wuta kafin ya samu wannan?"

"Wa ya karanta miki littafin?" in ji Dakta.

"Ni ba ta iya karatu."

Dakta ta buɗe shafi ta miƙa wa Sufeto. Ya karanta a bayyane, yana fassarawa. Ba a gishirin laifin yake ba, a wajen ajiya yake. Inda ake barinsa a buɗe cikin laima, aidin ɗinsa na gudu. Mafi kyau cikin duka shi ne lamba arba'in da ɗaya, na wata tsohuwa mai ajiya a rufaffiyar tukunya a kan duwatsu. Babu mai maƙoƙo a gidanta ko ɗaya. Dakta ta ba da shawarar a koya wa kowa hanyarta.

"Sunan tsohuwar Ayi Omaku," Sufeto ya ƙarasa.

Asibi ta ɗora hannu a ka. "Uwata ne."

Sufeto ya dubi littafin, ya dubi tukunyar. Ɗaya shekara huɗu na awo da lissafi, ɗaya abin da uwa ta koya wa 'yarta ba tare da alƙalami ba, kuma magana ɗaya suke faɗa.

Dakta ta roƙa a bar maganar. Sufeto ya ce an riga an buɗe fayil, dole Asibi ta je ta ba da sitatimen, amma zai rubuta yadda aka sami kayan, kalma ba zai rage ba. Bai bari a sa mata ankwa ba.

Saje Shima ya kinkimo tukunyar a matsayin shaida, ya dire ta a ƙasa don ya buɗe mota. Hadari na haɗowa ta gabas. Asibi, da ƙafarta ɗaya ta riga ta shiga mota, ta juyo.

"Ɗan sanda, ɗaga shi daga ƙasa. Ruwa yana zuwa."

Sufeto da kansa ya sunkuya ya ɗauki tukunyar, ya rungume ta har ofis.