Fitilar Ɗakin Albarushi

Ranar Lahadi da safe aka tarar babu fitilar. Ta tagulla ce, ta haura shekara ɗari da hamsin tana zaune a alkukinta a tsohon sansanin igwa da ke bakin Kogin Thames, gabas da Abbey Wood. An fasa gilashin alkukin, ɓaraguzansa sun watsu a daɓen ɗakin albarushi. Ɗakin kuwa a kulle yake, kuma mutum ɗaya ke da makulli, wato Malam Abdul-Rahaman, tsohon direban bas da ya shekara takwas yana zagayawa da baƙi a wurin kyauta.

Kwamitin sansanin bai tsaya wata-wata ba, ya karɓe makullin ya kira 'yan sanda. Aka turo Safura Mailafiya, jami'ar bincike, mace mara son surutu. A benci ta sami dattijon, hularsa a hannu.

"Baba, me ke kai ka ɗakin nan kai kaɗai?"

"Salla, 'yata. Tun zamanin sojojin ba a shiga da takalmi, don kada ƙusar takalmi ta ba da tartsatsi. Har yau haka muke yi. Ina za a sami wuri mai tsarki kamarsa?"

"Jiya ka shiga?"

"Da azahar. Fitila na nan, na rufe na tafi." Ya ɗago ya dube ta. "Na yi applying na zama ɗan ƙasa, wata mai zuwa za su ba ni amsa. In aka rubuta mini sata, shi ke nan, shekara ashirin ta tashi a banza."

Tausayi ya kama Safura, amma tausayi ba hujja ba ne. Ta cire takalmanta ta shiga. Ta duba ɓaraguzan, ta auna tagar alkukin da tafin hannunta, ta leƙa ciki. Can baya ta hango wata 'yar ƙofa.

"Wannan fa?"

Nan fuskar dattijon ta saki, don an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce waɗanda suka gina wurin sun san wuta da albarushi ba sa zama ɗaki ɗaya. Shi ya sa suka yi wani siririn lungu a bayan bango. Ta can mai kunna fitila ke bi ya ajiye ta a alkuki, haske ya ratso gilashi, wuta kuma ta tsaya a waje. Lungun ba shi da makulli, igiya kawai aka gitta. Ranar Juma'a da safe ma shi da kansa ya shafe shi da farar ƙasa, kamar yadda sojojin suke yi don haske ya ƙaru.

Ta haska lungun da tocila. Faɗinsa da ƙyar ya ɗauki mutum ɗaya. A kan sabon shafen akwai doguwar alama inda wani abu ya goga, daidai tsayin kunnenta. Ta juyo ta dubi Malam Abdul-Rahaman, wanda ko kafaɗarta bai kai ba.

Bayan shi, mutum biyu ke aiki a sansanin a makon nan. Ta fara da Jang, mai gyaran wayar lantarki.

"Ka san lungun?"

"Ni na ja waya a ciki. Alhamis na gama, an yi cancel ɗin sauran aikin. Juma'a da Asabar ina wani aiki a Stratford."

Ta buga waya can, aka tabbatar mata, har da hoton kyamara. Ta sallame shi.

Na biyu Fakhruddeen ne, mai zanen gine-gine, ɗan masu hali, wanda kwamiti ya ɗauka ya auna sansanin kafin gyara. Dogo ne, ga iya magana kamar ya haɗiyi rediyo. Shi ne kuma ya fara tuna wa kwamiti wanda ke riƙe da makulli.

"Wallahi abin ya dame ni, Hajiya," in ji shi. "Baba mutumin kirki ne, amma ɗan Adam ajizi ne."

"Yaushe rabonka da lungun fitila?"

"An fi wata. Na gama da wannan section ɗin tuntuni."

"Jiya kana nan?"

"Har la'asar, a saman ganuwa, wajen igwogin."

"Miƙo mini jakarka."

Ya miƙa yana murmushi. Jakar fata ce mai tsada, an goge ta tas. Safura ta ɗaga maɗaurin da ake ratayawa a kafaɗa, ta sa farce a cikin ɗinkin. Fari ya fito.

"Ranar Juma'a aka shafa farar ƙasar nan," ta ce. "Ba ta bushewa da wuri a ƙarƙashin ƙasa. Ka goge rigarka, ka goge jakar, ɗinkin ne ya gagare ka."

"Ko'ina akwai farin fenti a nan."

"Za a gwada a gani. Amma saurara. Gilashin nan daga baya aka doke shi, shi ya sa ya zubo cikin ɗaki, ba cikin alkuki ba. Tagar kuma tafin hannu biyu ce. Na duba hoton fitilar da kwamiti ya ba ni, gindinta ya fi haka faɗi. Ba ta taɓa bin ta ɗakin albarushi ba, an gina wurin ne don kada ta iya. Ka auna bango, Fakhruddeen, ba ka auna fitilar ba. Ta lungu ka ɗauke ta, sannan ka fasa gilashi don ido ya koma kan mai makulli."

Safura ta sa aka bincika kayan Fakhruddeen. A bayan motarsa aka sami fitilar, naɗe cikin tawul. Wani mai tara kayan tarihi ya yi masa alkawarin saya. Satar ba ta ba Safura haushi kamar yadda ya zaɓi dattijon da ba shi da gata ya jingina masa ba.

Shugabar kwamiti ta dawo da makulli tana ta ba da haƙuri. Malam Abdul-Rahaman ya karɓa da hannu biyu, ya juyo wajen Safura, idanunsa sun ciko.

"Babu abin da za a rubuta a kaina?"

"Ko ɗigo, Baba. Shaida kawai za ka ba mu."

"Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifa. Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini."

"Amin, Baba. Ai kai ka nuna mini lungun."

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya danna ya miƙa mata.

"Nimatu ce, mai ɗakina. Tun safe take kuka. In ni na faɗa, cewa za ta yi lallashinta nake. Ki faɗa mata da bakinki, mijinta ba ɓarawo ba ne."