Tagar da Auta Ba Ta Ƙarasa Ba

Akwai wani a danginmu da yake yawo da ni gida-gida, wai na goge aikin marigayiya ƙanwata tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, don ba ni da imani. Ya san kansa. Ko sau ɗaya bai leƙo jinyarta ba, sai da aka gama komai ya iso da dogon baki. To, bari in faɗi yadda aka yi, kowa ya ji.

Ni ba wanda ya koya min haɗa manhajar kwamfuta. Da tsaki da zagin na'ura na koya, ni kuma na koya wa ƙanwar tawa, Auta. Tsarin aikinmu ɗaya ne: babbar taga tana da fayil ɗinta, kowace ƙaramar taga ma da nata daban. Ka danna maɓalli, babbar ta kira ƙaramar, ta buɗe. Ka rufe babbar, duk su bi ta. Doka guda na kafa mata: kafin ki sa komai a taga, fara sa maɓallin fita.

"Kai, Yaya, da masifa! Sai ka ce ɗaki muke ginawa."

"Ya fi ɗaki. Sa mana, uwar surutu."

Ta sa shi ja wur a kusurwar hagu, kuma daga ranar ba ta taɓa mantawa ba.

In tana gwada sabuwar taga, takan rubuta wani abin tsokana a ciki don ta ga ko rubutu yana fita. A ta ƙarshe ta rubuta, "Yaya, ka ci abinci?" don ta san in aiki ya kama ni sai in wuni da yunwa ina yi wa mutane ihu. Ba ta kai ga haɗa tagar da babbar ba ciwon ya kwantar da ita. Bai tashe ta ba.

Manhajar da muke haɗawa a lokacin ta wani mai shagon ɗaukar hoto ce. Da na je sa masa, na kwashe fayilolin gaba ɗaya har da nata. Ba abin da ke kiransa, ba aikin da yake yi. Hannuna ne kawai ya ƙi barinsa a baya.

Ran nan, gab da magariba, mai shagon ya kira ni, wai wata taga tana buɗe kanta. Na ce masa shi ne dai bai iya riƙe linzamin kwamfuta ba. Na je. Na tarar ya tafi, ya bar wa maigadi makulli, wani dattijo da ke alwala a bakin ƙofa.

Ɗakin aikin yana can ƙurya. Warin tawada da takardar hoto. Fanka tana juyawa, ƙiƙ, ƙiƙ. Hotunan mutane a bango, duk suna kallon wuri ɗaya.

Na kunna. Na buɗe tagar hotuna, lafiya. Ta bugawa, lafiya. Na yi tsaki na rufe babbar taga, duk suka bi ta.

Sai guda ɗaya.

Ƙarama, fara, a tsakiyar allo.

"Yaya, ka ci abinci?"

Na zauna a kan kujera. Na ce wa kaina kuskure ne, wani wuri na kira fayil ɗin ban sani ba. Na duba layi-layi. Babu.

Fanka ta tsaya. Ba a ɗauke wuta ba.

Sai ƙamshin man da take shafawa a hannu, mai kamar ɓawon lemo. Tun rasuwarta ban sake jin sa ba.

Rubutun ya goge kansa. Wani ya fito, harafi bayan harafi, kuma ina jin ƙarar maɓallan, ƙas, ƙas, alhali hannuwana suna kan cinyata.

"Na daɗe ina jira. Akwai sanyi."

"Auta?" na ce.

"Ni ce. Buɗe min."

Maɓalli ya bayyana a ƙasan rubutun. An rubuta "Shigo".

Ni na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Ni na riƙe kan makararta. Amma hawaye ya rufe min ido, yatsana ya hau kan linzami. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfen da ya kwana a waje.

Na ce bari in ƙara kallon aikin hannunta sau ɗaya. Idona ya tafi kusurwar hagu, inda ya saba zuwa.

Babu jan maɓalli.

A fayil ɗinta akwai shi. Da idona na ga ta sa.

"Ba ke ba ce," na ce a hankali. "Auta ba ta gina taga ba mafita."

Ƙamshin lemon ya juye ya zama warin gashi da ya ƙone.

Na ja hannu. Ya ƙi tasowa.

Na shuri wayar wuta da ƙafa, ta fita daga bango. Allon bai mutu ba.

Kibiyar linzami tana tafiya da kanta. Tana matsar "Shigo".

Wani abu yana numfashi a bayan wuyana.

"Yaaya."

Wannan ba a rubuce ba ne.

Ƙofa ta bugu. Maigadi ya damƙi wuyan rigata da jiƙaƙƙen hannunsa, yana ta'awwuzi da ƙarfi, ya fizge ni har da kujerar muka zube a baranda. Allon ya yi baƙi.

"Ɗana," ya ce cikin raɗa, "da wa kake magana? Inuwa biyu na gani a labule."

Washegari da hantsi na koma, maigadin ya tsaya a kaina. Na buɗe fayil ɗin. Ga jan maɓallinta, ga tambayarta, kamar yadda ta bar su. Na karanta har na haddace. Sannan na goge shi a can, na zo gida na goge wanda ke kwamfutata, don abin ya riga ya gane ta inda zai same ni.

Yatsan nan har yau ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. Da na tsakiya nake danna linzami. Kuma tun daga ranar ba wanda ya sake tambayata ko na ci abinci.

Shi ke nan rashin imanin nawa. Kai mai yawo da ni, da kai mai karantawa kana taɓe baki: a ce wanda ka binne da hannunka ya ce maka yana jin sanyi, ka buɗe masa. Dube ni, ka rantse yatsanka ba zai motsa ba.