Jiƙon Da Ya Tashi Kaji Uku

Na san za a musa mini, alhali ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba: sa'a ta taɓa ƙarar da kajin gari guda.

Can da, annoba ta faɗa wa kaji. Wata mata ta jiƙa saiwa ta ba kajinta uku, duka suka tashi. Maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, ni ma kajina biyu sun tashi, ba su sha komai ba. Gwada wa da yawa tukuna."

Ta ce, "Uku na ba, uku suka tashi."

Da labarin jiƙon ya bazu, mutane suka daina ware kaji marasa lafiya, kowa sai jiƙo. Akurki bayan akurki ya zama wayam, har na mai jiƙon. Ta zauna a gabansa tana maimaitawa a hankali, "Uku na ba, uku suka tashi."

Duk mai shakka, sai ya tambayi Inna Kyauta, maƙwabciyar nan. Tana raye.