Ramin Romawa a Gonar Pegg

Masu haƙar kayan tarihi sun tono kabarin Romawa a gonar tsoho Pegg, suka ce bana ba zai shuka sha'ir ba. Tsakar dare ya saɓi shebur zai cike ramin, kowa ya huta.

Sai ya tarar da mutum zaune ciki, lulluɓe da mayafi, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kai, ɗan iska, fita daga gonata!"

"Gonarka?" Muryar kamar ana tauna yashi. "Yaushe ka zo, yaro?"

Shekara saba'in a duniya, a ce masa yaro! Pegg ya dalla masa tocila a fuska. Babu komai bisa kafaɗun.

"Duba ƙasa," in ji muryar, daga tsakanin ƙafafun.