Farcen Hannun Dama

Ranar da Umara ya fara ganin Najiba, da ƙarya ya buɗe baki, ƙaryar kuma ba wanda ya roƙe shi ita.

Shagon kayan kwalliya ne na mahaifiyarta a unguwar Dogo Nini, ita ce ke tsaronsa da yamma. Ya shigo hannunsa na dama a aljihu, ya yi sallama, ya ce yana son abin goge farce, mai laushin.

"Na ƙanwata ne," ya ƙara da sauri.

Ta zube masa kala uku a kan kantar shagon. Shi kuwa gwanin, garin zaɓe ya manta da kansa, ya zaro hannun ya hau gwadawa a babban yatsansa. Najiba ta duba. Farata huɗu sun ɗan ɗara kan yatsa, an goge su sumul, na hannun hagu kuwa an yanke su har nama.

"Malam, ƙanwar taka da farcenka take amfani?"

Umara malamin lissafi ne a wata sakandare, ɗalibai sittin kan yi tsit idan ya ɗaga gira. Amma ran nan ya rasa inda zai sa kansa. Ya fice bai ɗauki komai ba, dariyarta ta raka shi har bakin titi.

Washegari ya dawo, wai don abin gogen. Jibi ma ya dawo, wannan karon bai ma nemi dalili ba. Sai da aka yi wata guda yana zuwa zance a ƙofar gidansu kafin ya faɗa mata sirrin faratan, shi ma kansa a sunkuye kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabci.

Jita yake kaɗawa. Ba irin ta masu waƙa a wajen biki ba, wata ce mai tsirkiyar nailan guda shida, ba a rera komai a kanta, daga takarda ake karanta kiɗan. Da faratan dama ake fizgar tsirkiyar, shi ya sa yake barin su. Baba Ayuba, wani tsohon malamin firamare a garin Gadaka, shi ya koya masa, yau shekara shida. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya zauna da ita minti arba'in, ya cusa safa a ƙarƙashin tsirkiyoyin don kada 'yan gidan haya su ji. Ranar Asabar ya zura ta a buhu ya ɗaure baki ya hau motar Gadaka.

"To mene ne abin ɓoyo a nan, Ya Umara?"

"Naji, kin san garin nan. A kira makaɗi ya yi wasa a biki a yi masa liƙi, amma a ba shi 'ya? Ko ƙannena ba su sani ba."

Ta ce, "Ni dai ina so in ji."

Da safe ya cire safar a karo na farko, ya ɗauki minti ɗaya a waya ya tura mata. Ya yi kuskure biyu. Amsarta ta iso yana cikin aji:

"Mai farcena, na saurara sau tara. Umma ta tambaye ni me ya sa nake murmushi ni kaɗai, na ce waya ce. Ban san abin da kiɗan yake faɗa ba, amma na ji kamar da ni yake. Gobe ma ina jira."

Ya rubuta mata: "Akwai kuskure biyu a ciki, ki yi haƙuri."

"Ban ji su ba. Kai dai ka cika neman laifin kanka. Ka ci abinci?"

Tun daga nan kowace safiya da minti ɗayanta. Wata rana abu ɗaya ne yake ta maimaitawa, 'yan sautuka huɗu, ta ce ba ya gajiya? Ya ce abin haka yake, wanda ya yi kaɗan kullum ya fi wanda ya wuni a kai ranar Asabar kawai, yatsa ba ya son a yi masa gaggawa. Ta ce ashe shi ya sa ya yi wata guda kafin ya ce yana son ta.

Da magana ta yi nisa, Alhaji Mala, mahaifin Najiba, ya ce yaron ya zo su ci abincin rana bayan sallar Juma'a. Alhaji dillalin shanu ne, mutum mai ƙarancin magana, irin waɗanda suke kallon sa sau ɗaya su faɗi shekarunsa. A zaure aka shimfiɗa tabarma. Akwai ƙannensa biyu, akwai Ikrama, ɗan amininsa, mai shagon kayan babur, wanda ya shekara biyu yana kawo wa gidan lemo da ayaba Najiba ba ta taɓa fitowa ta yi masa godiya ba.

Aka kawo burabusko da miyar yakuwa a tire ɗaya. Nan fa ake yin ta, don ba a cin abinci da hannu a aljihu. Umara ya lanƙwashe yatsunsa yana tsakura, gumi na bin bayansa.

"Malam Umara," in ji Ikrama da fara'arsa, "ba kai na gani a tasha ran Asabar ba? Buhu a kafaɗa, wuyan jita ya leƙo. Na ce ikon Allah, ashe malamin namu makaɗi ne."

Alhaji Mala ya dubi hannun Umara, ya dubi fuskarsa.

"Haka ne, yaro? Kana kiɗa?"

Kalma ɗaya ake nema. Umara ya ji idanu takwas a kan yatsunsa.

"A'a, Baba. Ta wani abokina ce, saƙo ya ba ni. Farcen kuma sakaci ne, yau zan yanke."

"To," in ji Alhaji. Bai ƙara ba, ya ci gaba da cin abincinsa.

Yana isa gida ya ɗauki reza ya yanke faratan duka huɗun. Ya zauna yana jiran kiran Najiba, yana shirya yadda zai ce don ita ya yi. Kira bai zo ba. Kwana biyu yana tura saƙo ba amsa, ya ɗauka kunyar tonon da Ikrama ya yi ne ya sa ta guje shi, har ya rubuta mata cewa ta kwantar da hankalinta, ya bar jitar ke nan. A rana ta uku saƙonta ya shigo:

"Ya Umara, ba ka gane ba. Ran Alhamis na zauna da Baba na faɗa masa komai, har kiɗanka na kunna masa. Na ce masa kai mutum ne mai gaskiya, kunya ce kawai ta yi maka yawa. Ya ce zai tambaye ka da kansa. Ina bayan ƙofa da ruwan wanke hannu lokacin da ka ba shi amsa. Baba ya ce makaɗi zai iya yin tunani a kansa, amma wanda ya ci abincinsa ya dube shi ya yi masa ƙarya, a bar maganar. Ban da bakin kare ka. Ni ka kunyata, ba jitarka ba."

Ya karanta a tsaye, ya ƙarasa a zaune. Ashe duk lokacin da yake ƙulla zancen aboki da saƙo, dattijon ya riga ya san komai, kallonsa kawai yake. Umara ya ji ya tsani kansa. Kwana goma sha huɗu bai taɓa jitar ba, ko hanyar Dogo Nini ya daina bi, sai ya zagaya. Labari kuma ya iso masa cewa mahaifin Ikrama ya fara aiken nema wa ɗansa auren Najiba.

Ran Asabar ya tafi Gadaka don ya bar wa Baba Ayuba jitar gaba ɗaya. Ya same shi a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa. Tsohon ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya turo masa bulon da ake ɗora ƙafa a kai in za a kaɗa jita.

"Kaɗa min darasinmu na ƙarshe, sannan ka ajiye."

"Baba, ba farce."

"Yatsun ma ka yanke?"

Ya fara. Sautin ya fito a dushe. Da ya zo wata gaɓa yatsansa ya zame, sai ya ƙara sauri ya wuce. Baba Ayuba ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin.

"Shekara shida ina faɗa maka abu ɗaya. In ka yi kuskure sai ka hau gudu don kada a ji. An ji, Umara. Kullum ana ji. Koma."

Ya koma farko.

"Ba farko ba! Farkon ka iya shi, daɗinsa kake ji. Daidai inda ka faɗi za ka koma. A hankali, yadda ko kai za ka ji muninsa."

Sautuka biyar ne. Ya yi su sau ɗaya, sau biyu, sau ashirin, a hankali har abin ya ba shi haushi. Tsohon ya koma kan gyaɗarsa yana cewa, "Jin kunya ba aiki ba ne. Mutum ya zauna yana jin kunya wata guda, wajen nan yana nan yadda ya bar shi. Gobe da safe ma nan za ka fara, ba inda kake so ba."

A wajen na talatin yatsan ya sauka daidai. Umara ya tsaya, ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya gane ba maganar jita kaɗai ake yi masa ba, kuma ya ji tsoro, don ya san inda ya faɗi da waɗanda suke wurin.

"Baba, zan koma da ita."

"Da ma ban da wajen ajiye ta."

Juma'a ta zagayo. Bayan an sauko daga masallaci ya sauka daga Keke Napep a ƙofar gidan Alhaji Mala, jitar a hannunsa tsirara, ba buhu. Masu shago suka bi shi da ido. Ƙafarsa ta so ta juya, bai bar ta ba. A zauren mutanen ran nan ne, har Ikrama, tire a tsakiya.

Ya yi sallama ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, a nan na yi muku ƙarya, shi ya sa na dawo nan. Jitar nan tawa ce. Shekara shida ina kaɗa ta kullum. Faratan ma da gangan nake barin su. Kunya ce ta sa na musanta, ba ta kuma isa hujja ba. Ban zo don a ba ni Najiba ba, na zo ku yafe min."

Ikrama ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kana zuwa otal da ita?"

"A'a, Baba."

"Ana yi maka liƙi?"

"Ko sau ɗaya. A ɗakina nake yi, sai wajen malamina."

"Ta taɓa hana ka salla?"

"Ba ta taɓa ba."

"Kullum ka ce? Ba fashi?"

"Sai kwana goma sha huɗun nan."

Alhaji ya jinjina kai. "Ni ba na son kiɗa, kada ka yi zaton yau zan fara. Na yafe maka. Jingine abin nan, wanke hannu ka zo ka ci abinci. Sauran magana ba ta yau ba ce."

Mako uku Alhaji yana bincike, har Gadaka ya tura ƙaninsa. Mako uku Najiba ba ta ce masa komai ba, shi kuwa kowace safiya sai ya zauna ya yi minti arba'in ɗinsa da guntayen farata. Wata ranar Talata yana fitowa daga aji wayarsa ta yi ƙara:

"Mai farcena, Baba ya ce ka turo magabatanka. Har yanzu ina fushi, amma kaɗan ne ya rage, ka zo da yamma ka lallashe shi. Na yi kewarka har Umma ta gaji da ni."

Ya jingina da bangon aji ya share ido, ɗalibai na wucewa suna mamakin abin da ya sami malamin lissafi.

"Najina, ina zuwa. Ba zan sake sa ki sunkuyar da kai a gaban kowa ba."

Bayan babbar salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan, jama'a har titi. Ikrama ma ya zo, ya yi musabaha a gurguje ya tafi. Ana cikin gaisawa wani dattijo abokin kasuwar Alhaji da ya zo daga Fika ya riƙe hannun ango ya tambaya da ƙarfi, irin na masu nauyin kunne:

"Alhaji Mala, surukin namu me yake yi?"

Umara ya dubi Alhaji. Alhaji bai rage murya ba.

"Malamin makaranta ne. Yana kuma kaɗa jita. Yaron kirki ne, in ya yi kuskure yakan dawo."

Mutane suka waiwayo. Umara ya ji zafin nan ya taso masa har kunne, amma bai sunkuya ba, ya tsaya ya karɓi hannun kowa.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa. "Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa gaskiya ta zauna a tsakaninku."

Jama'a suka amsa da amin. Daga cikin gida guɗa ta tashi, Najiba kuwa tana cikin lulluɓi tana kuka tana dariya, ƙawayenta sun rasa wanne za su fara rarrashi.