Fiffiken Da Sanad Bai Gama Ba

Da hantsin Asabar aka kai ƙarar. Sufeto Dirar Habashne ya karanta takardar sau biyu, ya ja tsaki.

"'Yar tsana? Manyan ɓarayin birnin Amman sun ƙare ne?"

Amma dai ya je.

Shagon na wata mata ne mai suna Rula, yana ƙarƙashin wani gidan gahawa a unguwar Weibde. Nan masu fentin ƙananan mutum-mutumi suke taruwa, manya da gemunsu, su duƙufa a kan mayaƙa da aljanun da ba su fi ɗan yatsa ba. A kusurwa akwai akwatin gilashi, wayam. Wani tsoho yana zaune a gabansa.

"Abu Sanad, me aka ɗauka?"

"Dodo mai fukafukai, yallaɓai. Na ɗana Sanad ne. Saura fiffike ɗaya ya gama fentin, mota ta kaɗe shi. Shekara uku ke nan." Ya kalli akwatin. "Yadda ya bar shi nake so a dawo min da shi."

Sufeto ya duba kwaɗon. Ba a ɓalle shi ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai," in ji Rula. Idonta kuwa ya kai kan gwangwanin sukari.

Sufeto ya buɗe gwangwanin. Ga makulli kwance a ciki.

"Ke da wa?"

Ta sunkuyar da kai. "Mu goma sha ɗaya. Kowa ya san wurin."

Ya koma kan akwatin. Shaidar gindin abu biyu ce a cikin ƙurar katakon, babba da ƙarama.

"Ƙaramar fa?"

"Kwalbar fentin Sanad ce. Kore mai ƙyalli. Shi ya haɗa abinsa, har ya mutu bai faɗa wa kowa sirrin ba."

Sufeto ya gyaɗa kai. Mai niyyar sayarwa ba ya ɗaukar ragowar fenti.

A teburin baya wani ƙato ya sa burushi a baki ya tsotsa.

"Kai, yunwa kake ji?"

"A'a, yallaɓai, tsini nake fitar masa. Duk muna yi. Matata ta ce wata rana zan yi kashin bakan gizo."

Sufeto bai yi dariya ba. "A cikinku wa ya isa ya ƙarasa aikin Sanad?"

Aka kalli juna.

"Basil," in ji Rula a hankali. "Amininsa ne. Yau bai zo ba, wai mura."

Bayan la'asar Sufeto ya ƙwanƙwasa ƙofar Basil. Basil ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce a shigo ba.

"Yaushe rabonka da shagon?"

"Tun Talata."

"Kana aiki da kore?"

"Ja da ruwan zinariya nake yi. Na fi wata ban taɓa kore ba."

"Me ke a leɓenka?"

Basil ya kai hannu baki. "Miyar lalo ce."

"Lalon gidanku ƙyalli yake yi? Matsa."

Dodon yana kan teburi, ƙarƙashin fitila. Fukafukai biyu, duka kore. Na hagu bai gama bushewa ba.

Basil ya zame ya zauna a ƙasa.

"Shekara uku ina kallon fiffiken nan fari fat. Kullum. Sau biyu na roƙi Kawu Abu Sanad ya bar ni in ƙarasa, ya hana. Wallahi gobe zan mayar. Sanad ba ya barin aiki rabi, yallaɓai, da ya gani da ya zage mu."

"Tashi."

A ofis aka ajiye dodon gaban Abu Sanad. Tsohon ya sa tabarau, ya daɗe yana juya shi.

"Kawu," in ji Basil, "dubi, ko kai ba za ka bambance ba."

"Ba zan bambance ba," in ji tsohon. "Da, in na zo, nakan ga daidai inda hannunsa ya tsaya. Yanzu nuna min wurin."

Basil ya duba fiffiken, bai ga wurin ba.

"Ga kayanka, Abu Sanad," in ji Sufeto. "Sa hannu a nan ka karɓa."

Tsohon ya ture takardar, ya miƙe.

"Wannan ba shi aka sace min ba."

Sufeto ya ɗaga wa wani kofur kai. Aka kama Basil a dantse, aka wuce da shi ciki.